Gwiwar Baba da Kujerar da Aka Ba Ni

Shekara biyu, in ban yi kuskure ba, bayan an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu, na dawo Tamale da takardar digiri a ƙasan akwatin ƙarfe. Kimiyya na karanta a jami'a can kudu, aka kuma ba ni aikin koyarwa a wata makarantar gwamnati. A unguwarmu ta Nyohini sai aka fara ce mini karaci, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya yi boko yana sa wando da takalmi sau-ciki. Ban ce ina son sunan ba, ban kuma ce ba na so ba. Haka nake da yawancin abubuwa a lokacin.

Baba mai awon hatsi ne a kasuwa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarami "kai" ne ko "wancan", da na dawo kuma na zama "malamin makaranta". Tun ina yaro na san shi a tsugune. Da hantsi zai kwance bakin buhunan masara da dawa da gero, ya tsuguna a gabansu da kwanon awo, ya auna, ya miƙe ya ɗora wa mai saye a ka, ya koma ya tsuguna. Ban taɓa ƙirga sau nawa yake yin haka a wuni ba, ko da yake daga baya na yi ta ƙoƙarin ƙiyastawa. Zuwa da dawowa kuma a kan keke ne, wani tsohon keke da ya saya a hannun wani gajeren mutum, bai kuma taɓa ɗaga sirdin ba, sai ka ga gwiwoyinsa suna neman taɓa ƙirjinsa in yana tuƙi. Ga salla biyar, ga nafilfili da ba ya wasa da su.

Gwiwar dama ce ta fara. In zai miƙe sai ka ji wani ƙara a cikinta kamar ana murza yashi a tafin hannu. Matakala uku ce a ƙofar masallacin unguwa, na lura hawansu ba ya ba shi wahala kamar saukowa. A kaikaice yake saukowa, yana dafa bango, yana yi kamar takalminsa yake nema. Bai taɓa cewa yana tsoron ciwon ba. Abin da yake tsoro na ji shi ne a bakinsa sau ɗaya, yana magana da maƙwabcinmu a kan wani tsoho da ya rasu. Ya ce, "Bawan Allah nan shekara da shekaru a zaune yake salla. Allah ka ɗauke ni goshina yana taɓa ƙasa."

Wata ranar Asabar da rana muna tsakar gida, Inna tana jan ruwa a rijiya, ya miƙe ƙafar a kan tabarma ya ce, "Malamin makaranta, kai da ka yi karatu, me ke cin gwiwar nan?"

Abin kunyar shi ne na sani, ko a ce na san rabin da ya isa. Ni ba likita ba ne, amma ƙarfi da nauyi da yadda suke aiki a kan abu su ne abin da nake koya wa yara kullum, kuma akwai wani littafi a ɗakin karatun makaranta mai zanen gaɓoɓin mutum da na riga na duba saboda shi. Na nuna masa rijiyar. A bakinta akwai wani itace da aka gitta, igiyar guga ta ci shi har ta yi masa kwari-kwari. Na ce masa naman cinya kamar mai jan ruwa ne, jijiyar da ta sauko daga cinya ta kama ƙwauri ita ce igiyar, ƙoƙon gwiwa kuma yana daidai inda igiyar take lanƙwasa ta bi ta kan itace. In mutum yana tsaye ƙafa a miƙe, igiyar tana tafiya kusan sak, ba ta danna komai. In yana tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, dannawar kaɗan ce. In yana hawa ko sauka daga matakala, ta ƙaru sosai. In kuwa ya tsuguna har ƙasa da nauyinsa a kai, igiyar ta karye kwana, sai ta matse ƙoƙon a jikin ƙashin cinya da ƙarfin da ya ninka nauyin mutumin sau da yawa.

Ya dubi itacen, ya dubi gwiwarsa. Ya gane sarai. Mai awo ba ya rasa gane nauyi. Ya ce, "To. In tsuguna ko kada in tsuguna?"

Na ce ya danganta. Na ce akwai tsuguno akwai tsuguno, kuma ɗan lokaci ba ɗaya yake da dogon lokaci ba. Na ce wataƙila rashin motsa ta ma ya fi cutarwa, mai yiwuwa kuma abin ba daga ƙoƙon ba ne, daga can ciki ne, ni dai ba zan so in faɗi abin da ban tabbatar ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban ga ƙarya a ciki ba.

Ya juya wajen Inna. "Ke, kin ji ɗanki? Shekara nawa muna aika masa gari da yaji har bakin teku, ga abin da ya kawo mana. Ya danganta."

Inna ta ce, "Ni ba ruwana da ku," ta ci gaba da jan ruwanta.

Ya yi dariya, ni ma na yi, maganar ta wuce. Washegari ya koma kasuwa ya tsuguna.

A shekarun nan gari yana ta faɗaɗa. Masu awon ƙasa na gwamnati suna yawo da sarƙa da turaku, yau ka ga gona, gobe ka ga an kafa mata duwatsu masu lamba. Baba ya sa a ransa sai na samu filin da zan gina gida kafin maganar aure ta taso. Akwai wani dattijo Badagombe, wato ɗan ƙabilar da ke da ƙasar, a wani ƙauye gaba da garin Dungu, wanda ƙasar wajen take hannunsa, Baba ya daɗe yana sayen hatsi a wurin mutanensa. Ya aika da goro, aka sa mana rana.

Na san yadda ake shiga gaban irin wannan dattijo, a garin aka haife ni. Ana cire takalmi a waje. Ana tsugunawa har ƙasa, a kan dugadugai, ana tafa hannu a hankali ana amsa gaisuwa. Ba a yi masa magana kai tsaye. Akwai mai ɗaukar magana a gefensa, shi za ka faɗa wa, shi kuma ya maimaita wa dattijon, ko da dattijon ya ji da kunnensa, amsa ma ta hanyarsa za ta dawo. Kuma wanda ya zo roƙo ba ya tashi, ba ya gyara zama, sai an gama maganar da ta kawo shi an sallame shi. Na san duk wannan, na kuma san itacen bakin rijiya. Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, na tsaya a bakin ɗakinsa da niyyar in ce ya zauna a gida, kawuna ya raka ni. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Baba, wataƙila da an ɗan ɗaga tafiyar nan."

Ya ce, "Zuwa yaushe?"

Na ce, "Wataƙila in ƙafar ta yi sauƙi."

Ya ce, "Wataƙila wace rana ce a mako? Tana gaban Laraba ko bayanta?" Sannan ya ce in sa kwat ɗina, su ga cewa ba ɗan tasha ya kawo musu ba.

Da safe muka tafi, shi a kekensa, ni a nawa. Farkon damina ne, an yi ruwa kwana biyu da suka wuce, mutane suna ta tara kunyar doya, mata suna tsintar 'ya'yan kaɗanya a gefen hanya. Muka jingina kekuna a gindin wata ɗorawa, muka cire takalma, aka shigar da mu zauren. Dattijon yana zaune a kan fatu a bisa wani ɗan tudu na ƙasa, mutane biyar ko shida suna jingine da bango. Baba ya tattare rigarsa ya sauka a hankali, na ji ƙarar yashin nan, ya zauna a kan dugadugansa ya fara tafi. Ni ma na fara lanƙwasawa, wandon ya kama ni a cinya, sai mai ɗaukar maganar ya ɗaga hannu. Ya ce karaci ba ya tsuguno, kayan gwamnati za su yage. Aka yi dariya. Wani ya shiga cikin gida ya fito da kujerar katako mai naɗewa, irin wadda tsofaffin sojoji suke dawowa da ita, ya buɗe ta a bayana.

Na dubi Baba. Ya yi mini alama da ido in zauna. Na sha gaya wa kaina cewa umarninsa na bi, kuma ƙin karɓar kujerar zai iya zama raini ga masu gida. Mai yiwuwa haka ne. Amma na tuna sarai cewa da na zauna na ji daɗi, don wandon ya daina matsa ni. Daga inda nake ina kallon tsakiyar hular mahaifina.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, ana tambaya Baba yana amsa "naa, naa", aka miƙa goro, Baba ya faɗi abin da ya kawo mu da Dagbanci, harshen masu gidan, a gajarce, bai fi jimla huɗu ba. Da a nan aka tsaya da babu abin da zan rubuta. Sai dattijon ya yi magana ƙasa-ƙasa, mai ɗaukar maganar ya juyo gare ni. Ya ce mai gida yana son ya ji daga bakin karaci, tunda shi ya san takarda. In ya ba mu fili muka kai ofishin gwamnati aka rubuta, masu turakun nan za su biyo sawunmu su cinye sauran gonakin mutanensa, ko ba za su zo ba?

Tambaya ce ta gaske, kuma tsoho ne yake yi mini ita a gaban mutanensa. Na ji tsoron in ce ba za su zo ba su zo, a ce ɗan mai hatsi ya yi ƙarya. Na ji tsoron in ce za su zo a hana mu filin, tafiyar Baba ta zama banza. Amsar da ta dace gajeriya ce, na gano ta a kan hanyar komawa gida: ban sani ba, ranka ya daɗe, amma ni ba zan kawo su ba. Maimakon haka sai na fara bayani. Dagbancina ya yi tsatsa a kudu, don haka da Hausa na yi, mai ɗaukar maganar yana juyawa. Kowace jimla sau biyu ke nan. Na bambanta ƙasar da gwamnati take karɓa don aikin jama'a da wadda mutum yake rubutawa don kansa. Na ce dokokin da Turawa suka bari wasu suna nan, wasu ana shirin sauya su, ba wanda zai iya cewa ga yadda za su kasance. Na kawo misali, na ga misalin bai yi daidai ba, na janye shi na kawo wani. Mai ɗaukar maganar ya juya har da janyewar.

Ina magana ina ganin Baba. Wannan ne wurin da na fi so in tsallake. Na ga gumi ya fito a bayan wuyansa ya gangara cikin riga. Na ga ya mayar da nauyinsa kan ƙafar hagu, bayan ɗan lokaci ita ma ta gaji ya dawo da shi. Na ga cinyarsa ta dama tana rawa a ƙarƙashin yadi. Sau ɗaya ya sauke yatsunsa ya dafa ƙasa, ya yi sauri ya janye su ya mayar kan gwiwa, kada a gani. Kuma a wani lungu na kaina ina zana hoton nan da nake zana wa yara a allo, kibiya sama, kibiya ƙasa, kibiya ta uku tana danna ƙoƙon ciki. Na san abin da yake faruwa fiye da kowa a zauren. Na ce wa kaina bari in ƙarasa wannan gaɓar kawai, don kada in bar tsohon da rabin gaskiya. Da na ƙarasa ta sai na ga tana buƙatar wata.

Ban duba agogo ba, amma jikin malami ya san tsawon darasi ɗaya, kuma ina jin mun kai haka ko mun ɗara.

Dattijon ne ya tsayar da ni. Ya yi dariya har ya yi tari, ya faɗi wata magana, zauren ya ɗauka. Mai ɗaukar maganar ya share ido ya ce, "Mai gida ya ce ruwan sha ya roƙa a ƙoƙo, kai ka kawo masa damina gaba ɗaya." Sannan ya ce an ba da filin, albarkacin mai hatsi, wanda bai taɓa tauye musu awo ba. A je a nuna mana.

Baba ya yi godiya, ya tafa hannu, ya yunƙura zai tashi. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, ya ɗago kamar taki ɗaya, sai na ji wani ƙara da ba irin na kullum ba, gajere, ya tafi ta gefen dama ya faɗi a kan kafaɗarsa, hularsa ta gangara har gaban fatun dattijon. Mutum biyu daga jikin bango suka riga ni isa gare shi. Ni sai da na tashi daga kujera, kujerar ta naɗe ta faɗi, na tsaya ɗaga ta. Ban san dalilin da ya sa na tsaya ɗaga ta ba.

Suna riƙe da shi yana cewa, "Ba komai, ƙafa ce ta yi barci. Tsufa ne, ranka ya daɗe, tsufa ne." Dattijon da kansa ya ɗauki hular ya kaɗe ta ya miƙa.

Muka bar kekensa a can. Na goya shi a bayan nawa, ƙafar a miƙe gefe guda kamar sanda. Daga ƙauyen har Nyohini ina jira ya yi mini faɗa, ina ma roƙon Allah ya yi. Abin da ya faɗa kawai, sau biyu, shi ne, "Kauce wa ramin nan."

Kafin magariba gwiwar ta kumbura ta yi kamar ɗan tulu, tana sheƙi, da zafi in ka taɓa. Ya yi sallar a zaune a kan gado, yana sunkuyar da kai a maimakon sujada. Na ga haka ta labule na koma da baya. Inna ta kira wanzami ya kafa ƙaho, aka shafa man kaɗanya da wani garin magani, kumburin ya ɗan sauka ya dawo. Juma'a ta zo bai je masallaci ba. Liman ya zo duba shi ya tuna masa cewa Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, salla a zaune ga mai larura cikakkiya ce. Baba ya ce ya sani, ya gode. Da liman ya fita ya juya fuskarsa bango.

A mako na biyu na kai shi asibiti. Wanda ya fi kula da mu wani disfensa ne, wato mai ba da magani, tsohon soja, mai Hausar barikin nan da ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Ya lallatsa gwiwar, ya tura ƙoƙon hagu da dama, Baba ya cije leɓe. Ya ce, "Baba, gwiwa nan ya gaji tun da daɗewa. Ba yau ya fara ba. Kai ka ba shi aiki, ba ka ba shi hutu." Ya nuna masa abin da zai riƙa yi: ya kwanta, ƙafa a miƙe, ya ɗaure naman cinya kamar zai danna bayan gwiwa a tabarma, ya riƙe, ya saki. In ya saba, ya ɗaga ƙafar a miƙe kamar taki ɗaya daga ƙasa, ya sauke a hankali. Ya ce cinya mai ƙarfi ita ce take riƙe gwiwa, amma a ƙarfafa ta ba tare da an niƙa ƙoƙon ba.

Na tambaye shi a waje ko dogon tsuguno na rana ɗaya zai iya jawo wannan. Ya dube ni ya ce, "Tukunya da ya tsage, ko yau ko gobe." Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Cikin duk mai yiwuwar da na taɓa furtawa a rayuwata, wannan ce kaɗai ban iya fakewa a bayanta ba.

Na ɗauki jinyar da zafi, irin zafin mai laifi, har na ƙara wani kuskuren. Na ga atisayen disfensa kamar ya yi sauƙi da yawa. Na ɗinka 'yar jaka na cika ta da yashi, na ɗaura wa Baba a idon sawu, na zaunar da shi a bakin gado ƙafa tana lilo, na ce ya riƙa miƙe ta yana saukewa. A tunanina tunda ba a tsugune yake ba, ƙoƙon yana hutawa. Ya yi kwana uku bai ce komai ba, a na huɗu ya ce, "Malamin makaranta, dutsen niƙan nan naka yana aiki." Na ɗora tafina a kan gwiwar yana miƙewa, na ji gurzar da hannuna. Da na zauna na zana abin a takarda na ga inda na ɓata: in nauyi yana rataye a ƙarshen ƙafa, to gwargwadon yadda ƙafar take kusantar miƙewa, haka cinya take ƙara ja, kuma a daidai wajen nan ɗan gefen ƙoƙon ne kawai yake ɗaukar matsin. Na kwance jakar na zubar da yashin a bayan gida. Disfensa da ya ji labari ya ce, "Karaci, kai koya yara, ni in koya gwiwa."

Abubuwan da suka yi amfani ƙanana ne. Na karɓo kekensa na ɗaga sirdin har ƙafarsa tana kusan miƙewa in feda ta sauka. Ya ce na mayar da shi mai hawan raƙumi, amma bai sa an sauke ba. Kafinta ya yi masa dakali na katako a rumfar kasuwa aka ɗora buhunan a kai, da wata doguwar kujera, ya koma awo a zaune. Abokan sana'arsa suka yi ta tsokanarsa wai ya zama akawu. Ya koyi riƙe sanda a hannun hagu, ya koyi sauka daga matakala da ƙafar mai ciwo a gaba, hawa kuma da lafiyayyar. Kafin kaka yana tafiya, yana hawa keke, ya koma masallaci. Amma gwiwar ba ta naɗuwa. Takan kai wani wuri ta tsaya, in ya matsa mata ta kumbura kwana uku. A ƙarshen sahu yake zama, jikin bango, a kan wata 'yar kujera da yake rufawa da buzu don kada ta yi kama da kujera.

Al'ada ce wanda aka ba ƙasa ya koma gaisuwa bayan an girbe amfanin gona. Wata rana da azahar ta wuce, muna zaune a inda muka zauna ranar maganar rijiya, ya ce, "Lokacin gaisuwar mutanen nan ya yi. In je?"

Na ce, "A'a."

Ya ɗago ya dube ni. "Babu ya danganta?"

"Babu, Baba. Ni zan je."

Ya murza gwiwar da tafinsa. Sannan ya yi tambayar da nake gudu tun ranar da na goyo shi a keke. Ya ce, "Sujada fa? Zan koma?"

Duk kalmomina suna nan a bakina, a shirye. Da zan iya cewa jiki yana da abin mamaki, ba a yanke ƙauna, wataƙila nan da shekara. Ba ƙarya ba ce zalla. Amma na ga yadda gwiwar take tsayawa, na ji abin da disfensa ya faɗa, kuma na san in na ba shi wataƙila, gobe da asuba zai gwada. Na ce, "Irin ta da, a'a, Baba. In ka matsa mata za ka rasa tafiyar ma."

Ya sauke hannunsa daga gwiwar. Inna da take tankaɗe a bakin madafa ta tsaya da tankaɗen, ta kuma ci gaba. Can ya ce, "To. Allah ya karɓa a yadda ta samu." Sauran shekarunsa duka a jikin bangon nan ya yi su, goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba.

Na je ƙauyen da riga da wando irin namu, da goro da ƙwaryar gero daga rumfarsa. Aka fito da kujerar nan mai naɗewa, na ce a mayar. Na tsuguna har ƙasa. Mai ɗaukar maganar ya ce, "Yau ma da damina ka zo?" Na ce mahaifina yana gaisuwa, yana godiya, ƙafa ce ta hana shi zuwa. Na yi shiru. Dattijon ya jira ko akwai saura, da ya ga babu sai shi ya fara tambaya. Ya tambayi gwiwar, ya tambayi kasuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi yaran da nake koyarwa da abin da nake koya musu, ya tambayi ko teku da gaske ba ta da ƙarshe. Ban sani ba ko da gangan ya yi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ƙafafuna lafiya lau, amma tun kafin ya kai rabi na fara jin wuta a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwoyina biyu, cinyoyina suna rawa. Na so in dafa ƙasa. Da aka sallame ni sai da na kama bakin ƙofar zauren kafin in iya sa takalmi, kuma duk zaman bai kai rabin na Baba ba.

Na iso gida ana shirin la'asar. Yana zaune a ƙofar ɗaki ya gama alwala.

"Sun ba ka kujera?"

"Sun bayar."

"Ka zauna?"

"A'a."

"Ka yi musu bayani?"

"A'a, Baba."

Ya ce, "To." Ya miƙo mini hannu na ɗaga shi, na ba shi sandarsa. Na ɗauki 'yar kujerar da buzun na bi shi a baya zuwa masallaci, na ajiye masa su a jikin bango, na wuce sahun gaba inda masu gwiwa suke.